Ɓarakar Gidan Trump: Rushewa Ce Ko Faɗan Kishiyoyi?

Malam Lauya: Assalamu alaikum jama'a. Jiya Juma'a, 21 ga Nuwamban 2025, Marjorie Taylor Greene ta sanar cewa za ta ajiye kujerarta ta majalisar wakilan Amurka ranar 5 ga Janairun 2026. Wannan fa ita ce matar nan ta jihar Jojiya da ta shiga zauren majalisa da jar hular MAGA, wato tafiyar magoya bayan Trump, a ka tana yi wa Biden ihu. Mako guda ke nan da Trump ya janye goyon bayansa gare ta, ya kira ta maciya amana. Ni dai na faɗa, kuma ku rubuta ku ajiye: tafiyar MAGA ta fara watsewa, abin da ya rage wa 'yan Democrat shi ne su koma gefe su naɗe hannu. Tun watan Fabrairu James Carville, wanda ya tsara wa Bill Clinton yaƙin zaɓen 1992, ya ba su shawarar su yi likimo su bar Republican su cinye junansu. Aka yi ta yi masa ca. To ga shi nan.

Alhaji Mai Taya: Wa alaikumus salam. Lauya, irin wannan fa ka rubuto mana a watan Yuni da Elon Musk ya yi faɗa da Trump. Ka ce an gama. Mutumin da ya zuba sama da dala miliyan 250 a zaɓen 2024 ya fito ya tsine wa dokar kasafin Trump, ranar 5 ga Yuli ya ce ya kafa jam'iyya. Ina jam'iyyar? A Satumba aka gan su zaune tare wajen taron makokin Charlie Kirk, matashin ɗan gwagwarmayar MAGA da aka harbe, ranar Talatar nan kuma yana cikin masu cin liyafa a White House da aka shirya wa yariman Saudiyya. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Ɗan Auta: Har Ronaldo yana wajen liyafar, Baba Alhaji. Na ga hoton.

Baffa: Auta, manya na magana.

Hajiya Malama: Ku bari in ɗan tsoma baki. Kuskuren da nake gani shi ne ana maganar MAGA kamar gida ɗaya ne mai uba ɗaya. Haya ce aka tara mutane a ciki, kowa da abin da ya kawo shi. Akwai attajiran fasaha irin su Musk, masu son a rage musu haraji a sake musu mara. Akwai su Steve Bannon, tsohon mashawarcin Trump, masu cewa attajiran nan su ne matsalar ma'aikacin Amurka. Akwai Kiristoci 'yan bishara da ke ɗaukar kare Isra'ila a matsayin ibada. Akwai su ɗan jarida Tucker Carlson da suka gaji da yaƙe-yaƙen waje tun daga Iraƙi. Sai kuma sababbin shiga na 2024: Latino ('yan asalin Latin Amurka), matasa maza, da wasu Larabawa da Musulmin Michigan da suka fusata da Biden a kan Gaza.

Tun kafin a rantsar da Trump, a Disamban 2024, aka fara gwabzawa a kan bizar H-1B ta ƙwararrun baƙi. Musk da Vivek Ramaswamy suka ce kamfanoni na bukatar injiniyoyi daga waje, Bannon da Laura Loomer suka ce ana ƙwace aikin ɗan ƙasa ana ba wa baƙo mai araha. Trump ya goyi bayan Musk a lokacin, sai ga shi a Satumba ya ɗora wa sababbin masu neman bizar kuɗi dala 100,000. Ya ba wancan, ya ba wannan. A Yuni da ya jefa bama-bamai a cibiyoyin nukiliyar Iran na Fordow da Natanz da Isfahan, ɓangaren su Carlson suka yi ta kumfar baki kafin harin, har Carlson ya tsare Sanata Ted Cruz da tambayar mutum nawa ne a ƙasar da yake son a kifar da gwamnatinta, Cruz ya kasa faɗa. Bayan harin fa? Yawancinsu suka haɗiye. Abin da ya kamata ku lura da shi: kusan kowa a cikinsu, in zai yi suka, sai ya ce masu ba shugaba shawara ne suka ɓatar da shi. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Greene ce ta kuskura ta matsa kusa da sarkin da kansa, kuma ita ce ke tattara kayanta.

Malam Lauya: Malama, kin tsallake babbar hujjata. Takardun binciken Jeffrey Epstein, attajirin nan da aka tuhuma da safarar ƙananan 'yan mata don lalata. Ranar 18 ga wata majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a 427 da 1 cewa a fitar da su, washegari Trump ya sa hannu a kan dokar da ya shafe watanni yana cewa makircin Democrat ce. Yaushe rabon da ku ga an tanƙwara shi haka?

Hajiya Malama: Ban tsallake ba ranka ya daɗe, na ajiye maka ita ne don hujjar tana cin ka. Ta yaya aka kai ga ƙuri'ar? Shugaban majalisa Mike Johnson bai so a kawo batun zaure ba. Sai Ro Khanna ɗan Democrat ya haɗa kai da Thomas Massie ɗan Republican suka buɗe takardar tilasta kaɗa ƙuri'a, wadda ke bukatar sa hannun mutum 218. Republican huɗu kacal suka sa hannu: Massie, Greene, Lauren Boebert da Nancy Mace. Sauran duk Democrat ne, kuma cikon ta 218 ita ce Adelita Grijalva ta Arizona, wadda ta ci zaɓe tun Satumba amma ba a rantsar da ita ba sai 12 ga Nuwamba. Da sun yi likimon da kake faɗa, mutum huɗun nan surutu kawai za su yi a intanet. Gaskiya ne sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ai sai ƙadangaren ya taso ya shiga.

Alhaji Mai Taya: Kuma da Trump ya ga za a kayar da shi sai ya ce wa mutanensa ku zaɓa, ba abin da muke ɓoyewa. Shi ya sa ta zama 427. Ya ga ruwa zai tafi da shi ya hau kwalekwalen.

Direban Bronx: Salamu alaikum, yanzu na sauke fasinja na ga saƙonni sun taru. Ku gafarce ni, ku kuna kallon abin daga sama ne. Ni kullum mutum ashirin ko fiye ke zama a bayan motata. Wallahi tun da aka fara rigimar Carlson da hirar da ya yi da Nick Fuentes mai aƙidar fifita farar fata, har cibiyar masu ra'ayin riƙau ta Heritage Foundation ta rikice, ban ɗauki mutum ɗaya da ya ambaci sunan Fuentes ba. Abin da nake ji: kuɗin haya, kuɗin wuta, naman sa. Akwai wani ɗan Dominika mai wanzanci a layinmu, bara ya manna hoton Trump a jikin madubin shagonsa, yana ce min zamanin Trump na farko kuɗi na zama a aljihu. Wancan makon na je aski na ga ya cire hoton, saura alamar salatif. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ce komai ba, sai ƙorafin mai gida ya ƙara masa haya.

Ni kaina takardar kamfanin inshorar lafiya ta zo min a Oktoba. Idan tallafin gwamnati ya ƙare ƙarshen Disamba, abin da zan riƙa biya a wata zai kusa ninkawa. Na karanta ta sau uku a tsaye bakin akwatin wasiƙa, na ninke na sa a aljihu, har yau ban nuna wa uwargida ba. Ita Greene ɗin ma ai ta raba gari da jam'iyyarta a kan wannan, ta ce na 'ya'yanta ma zai ninka.

Baffa: Allah Ya rufa asiri ɗan nan. Amma ka nuna mata, ba a ɓoye wa mace irin wannan.

Direban Bronx: Amin Baffa, zan nuna. Abin da nake nufi, masu makirufo daban, masu ƙuri'a daban. Masu makirufo za su yi ta zage-zage su shirya. Wanzamin nan ba ɗan a-mutun kowa ba ne, aron ƙuri'a ya bayar. Ku dubi zaɓen 4 ga Nuwamba. Gundumar Passaic da ke New Jersey, inda Latino da Larabawa suke da yawa, Trump ya ci ta a 2024, bana Mikie Sherrill 'yar Democrat ta dawo da ita a zaɓen gwamna. A Jojiya 'yan Democrat biyu sun ci kujerun hukumar da ke ƙayyade kuɗin wuta. Kwana goma bayan zaɓen Trump ya cire harajin shigo da kaya a kan naman sa da gahawa da ayaba da tumatir. Jiki magayi.

Malam Lauya: To ai ka zo gidana. Tsadar rayuwa ce ta yi musu aikin.

Direban Bronx: A'a Lauya. Tsada tana nan, amma sai da aka samu masu ɗaukarta su kai ƙofar gida. Zohran Mamdani, ɗan Democrat da ya ci zaɓen magajin garin New York, ba likimo ya yi ba. Tun bayan zaɓen 2024 ya tsaya bakin titi a Fordham Road nan kusa da mu da makirufo yana tambayar waɗanda suka zaɓi Trump dalilinsu. Abin da suka faɗa masa da shi ya yi kamfe: a daskarar da kuɗin haya, bas kyauta, renon yara kyauta. Jiyan nan da Greene ke rubuta takardar murabus, shi yana ofishin Trump suna raha.

Alhaji Mai Taya: Wannan ya ɗaure min kai. Wadda ta yi masa bauta shekara biyar maciya amana ce, wanda ya kira ɗan kwaminisanci kuma ana dafa masa hannu. Amma fa ku daina yabon Democrat, gwano ba ya jin warin jikinsa. Sun rufe gwamnati kwana 43 a kan tallafin inshorar nan, rufewa mafi tsawo a tarihin ƙasar, sannan sanatoci takwas daga ɓangarensu suka miƙa wuya ba su samo tallafin ba, sai alkawarin za a kaɗa ƙuri'a a Disamba. Chuck Schumer, jagoran sanatocin Democrat, har aka gama zaɓe bai fito ya goyi bayan Mamdani ba, alhali ɗan jiharsa ne ɗan jam'iyyarsa. Abigail Spanberger da ta ci gwamnan Virginia tsohuwar jami'ar CIA ce, Mamdani ɗan gurguzu. Waɗannan ne za su koya wa wani haɗin kai?

Hajiya Malama: A nan kam na yarda da kai rabi, Alhaji. Sai dai jam'iyyar da ba ta kan mulki tana iya tafiya da baki biyu, kowa ya yi maganar da ta dace da mazaɓarsa, tunda ba ita ke sa hannu a kan doka ba. Ranar da za su tsayar da mutum ɗaya a 2028 za a ji su. Abin da suka riga suka gwada bai yi ba shi ne zawarcin manyan da suka ɓata da Trump. Kamala Harris ta yi ta yawo da Liz Cheney, 'yar Republican mai adawa da Trump kuma ɗiyar tsohon mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, a 2024, duk jihohi bakwai da ake kai ruwa rana a kansu suka tafi wajen Trump, 312 da 226. A Dearborn ma, garin Michigan mai yawan Larabawa, sunan Cheney tuna wa mutane yaƙin Iraƙi ya yi.

Ɗan Auta: Anti Malama, tambaya. Me zai hana su yi irin na sabuwar PDP a 2013, da gwamnoni biyar, har da Kwankwaso da Wamakko da Amaechi, suka koma APC aka kayar da Jonathan?

Hajiya Malama: Tambaya mai kyau Auta. A nan gwamna in ya sauya sheƙa yana tafiya da jama'arsa, da ciyamomi da daliget da komai. Can kuwa jama'ar ba ta ɗan majalisa ba ce, kuma zaɓen fid da gwani 'yan jam'iyya ne ke fitowa su kaɗa da kansu. Republican goma suka goyi bayan tsige Trump a majalisar wakilai a 2021, biyu kaɗai suka dawo bayan zaɓen 2022. Cheney ta sha kaye a Wyoming da tazara mai muni. Sanata Thom Tillis ya ƙi dokar kasafin bana saboda yanke kuɗin Medicaid, inshorar lafiyar talakawa, Trump ya yi masa barazana, washegari ya ce ba zai sake takara ba. Josh Hawley ya yi ta rubutu cewa yanke Medicaid cin amanar talakan da ya zaɓe su ne, da aka zo ƙuri'a ya ɗaga hannu, aka tashi 50 da 50 mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya raba gardama. Kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta. Mai ficewa a can shi kaɗai yake fita da jakarsa.

Baffa: Ni tambayata ɗaya, tunda ta shafe mu. Barazanar da Trump ya yi farkon watan nan ta turo soja Najeriya, wane ɓangare ne a cikinsu ya kitsa?

Hajiya Malama: Ɓangaren masu kishin Kiristanci ne Baffa, su Ted Cruz da Riley Moore, su suka yi ta matsawa har aka mayar da Najeriya jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini ranar 31 ga Oktoba. A ƙa'ida masu cewa Amurka ta daina shiga rigimar waje ya kamata su taka birki. Amma bayan abin da muka gani a kan Iran, ni ba zan jingina da su ba.

Malam Lauya: Shi ke nan, na sauko daga maganar likimo, Direba da Malama sun kayar da ni a nan. Amma ban sauko daga cewa ginin na tsagewa ba. Kundin tsarin mulki ya hana Trump sake takara, kuma shi kaɗai ne igiyar da ta ɗaure su. Ku zuba ido a kan Massie. Trump ya tsayar da wani ya kara da shi a Kentucky, fid da gwani a watan Mayun 2026. Idan Massie ya tsira, tsoron ya kau.

Alhaji Mai Taya: In kuma ya faɗi ka saya wa kowa tsire. In ya ci ni zan saya.

Baffa: Alhaji, caca a gabana?

Alhaji Mai Taya: Sadaka ce Baffa, lokacinta kawai ba a sa ba.

Direban Bronx: A ajiye min nawa a firji. An kira ni filin jirgin JFK, sai na dawo.