Wane tasiri majalisun shiyya suke da shi a kan dimokuraɗiyya?

Ɗalibar Siyasa:
Assalamu alaikum. Ina nazari a kan Majalisar Dokokin ECOWAS, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tunda ba ta iya hana juyin mulki a Mali da Burkina Faso da Nijar ba, har ƙasashen uku suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, to wace gudummawa take bayarwa wajen kare mulkin farar hula? Ina roƙon masana su ƙara mini haske.

Malamin Shari'a:
Wa alaikumus salam, malama. Kafin a ɗora mata laifi, ya kamata a duba yadda aka gina ta. An ƙaddamar da ita a Bamako a 2000 da kujeru 115, Najeriya tana da 35, kuma majalisun ƙasashe ne ke turo wakilai daga cikin mambobinsu, ba talakawa ke zaɓensu kai tsaye ba. Ikon ƙaƙaba takunkumi ko dakatar da ƙasa yana hannun taron shugabannin ƙasashen ƙungiyar. Abin da ke hannunta shi ne sa ido a zaɓe, da tura tawagar sulhu, da duba kasafin kuɗin ƙungiyar. Abin da ya fi burge ni shi ne zaman da wakilan kowace ƙasa suke karanta rahoton halin da ƙasarsu take ciki, takwarorinsu kuma su yi musu tambayoyi a bainar jama'a, domin gwamnatoci ba sa son a tona musu asiri a gaban maƙwabta.

Tsohon Ma'aikacin Majalisa:
Malam, gafarta, amma a ganina an yi sake tun kafin sojoji su fito. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2001 kan dimokuraɗiyya da shugabanci nagari ta hana yi wa dokar zaɓe babban gyara cikin wata shida kafin zaɓe, sai da amincewar mafi yawan 'yan siyasa, amma ba ta ƙayyade wa'adin mulki ba. Shi ya sa Shugaba Alpha Condé ya sauya tsarin mulkin Gini a 2020 ya yi tazarce, sojoji suka kifar da shi a 2021. Ɗan majalisar da jam'iyya mai mulki ta turo, da wuya ya soki ubangidansa.

Malamin Shari'a:
Na yarda da kai, Alhaji. Malama, ki kwatanta Majalisar ECOWAS da Majalisar Gabashin Afirka da ke Arusha, wadda take kafa dokoki idan shugabanni suka sa hannu, da kuma ta Tarayyar Turai, wadda jama'a suke zaɓa da ƙuri'unsu tun 1979.