Samfurin PPR daga Daura ya ƙi fitowa a RT-PCR

Assalamu alaikum malamaina likitocin dabbobi. Bincikena na digirin digirgir ne kan cutar PPR (annobar awaki da tumaki) a awaki, ana ɗibar majina da kwantsa a kasuwannin Daura da Mai'aduwa. Awakin ga zazzaɓi, ga zawo, ga gyambon baki, amma gwajin RT-PCR (mai gano ƙwayar cutar ta hanyar RNA ɗinta, wato sinadarin gadonta) da firamomin NP3/NP4 (guntayen DNA masu nemo sashen da ake so) ya ƙi fitar da layin 351 bp, wanda shi ne alamar akwai ƙwayar. Samfurin allurar rigakafi kuwa yana fitowa raɗau, ke nan sinadaran lafiya lau suke.

Zargina zafi ne ke lalata RNA ɗin: ƙanƙarar da ke cikin kula tana narkewa a hanya, firizar -20°C ce, wuta kuma sai a hankali. Don Allah, a riƙa tsoma samfuran cikin TRIzol (ruwan sinadarin da ke kare RNA) tun a kasuwa, ko katin FTA (takardar da ake busar da samfuri a kanta) ya wadatar? Waɗanda suka narke sau biyu fa, za su moru?