Me ya sa intanet na gida yake da tsada haka a Kanada?

Ummu Hanifa (Mississauga):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a Kanada ko suke Turai ku taimaka min da bayani. Intanet ɗin gidanmu kusan dala ɗari ake cire mana duk wata in an haɗa da haraji, ga kuɗin layin waya daban, kuma rangwamen shekarar farko na ƙarewa sai kawai na ga bil ya hau. Ƙanwata da ke Faransa ta ce nata bai fi rabin namu ba, har da talabijin da wayar gida a ciki. Maƙwabcina ya ce girman ƙasar ne ya jawo. Haka ne kuwa?

Malam Sani (Edmonton):
Wa alaikumus salam Hajiya. Girman ƙasa yana ciki amma ba shi kaɗai ba ne. Eh Kanada ce ta biyu a duniya bayan Rasha kuma mutanen wajen miliyan 40 ne kacal, in mutumin Nunavut, can ƙuryar arewacin ƙasar, ne ya yi kuka sai a ce masa haƙuri don su da tauraron ɗan adam suka dogara. To ke fa da kike gefen Toronto, gida jikin gida? Ai yawancin jama'ar ƙasar nan a kudu suke cunkushe kusa da iyakar Amurka. Maganar gaskiya kamfani uku ne suka riƙe wuyan kasuwar, Bell da Rogers da Telus, kuma doka ta taƙaita wa 'yan ƙasar waje mallakar manyan kamfanonin sadarwa, don haka babu wani ƙato da zai shigo daga waje ya karya farashi. A 2023 ma Rogers ta haɗiye Shaw a kan dala biliyan 26, mu nan yamma da Shaw muka sani.

Ɗan Damagaram (Lyon):
Hajiya ƙanwarki gaskiya ta faɗa miki. Nan ma da can tsada ake yi. Sai aka tilasta wa France Télécom, babban kamfanin wayar Faransa, ta buɗe wayoyinta wasu kamfanoni su yi haya, a 2002 Free ta Xavier Niel ta fito da Freebox, akwatin intanet na gida, a kan yuro 29.99 a wata, daga baya aka zuba waya da talabijin a ciki duk a kuɗin nan, dole sauran suka sauko. A 2012 ta sake yi musu haka a layin salula, 19.99, har da wani na yuro 2. Amma kar ki ɗauka aljanna ce fa. Ki zo ki ga akwatin faiba (wayar intanet mai sauri) na bakin titinmu, ƙofa a buɗe wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliya, ma'aikaci zai zo haɗa wa wani sai ya zare na maƙwabci ya tafi abinsa, ka yi ta kira ana ce maka gobe.

Injiniya Bello (Ottawa):
Ni dai a yi adalci, faibar Kanada in ta iso unguwarku tana gudu sosai, albashin ma'aikata nan da yawa, ga haƙa ƙasa cikin ƙanƙara ba wasa ba ne.

Malam Sani (Edmonton):
Injiniya ba wanda ya ce ba ta gudu. Amma Suwidin da Finland ma ƙanƙara gare su ai. Kuma ka tuna 8 ga Yulin 2022 da Rogers ta ɗauke kusan yini guda, katin banki na Interac ya daina aiki a shaguna, wasu ko lambar gaggawa ta 911 sun kasa kira, illar tara komai a hannu kaɗan kenan. Hajiya abin da zan ce miki, hukumar CRTC mai kula da sadarwa a Kanada ta umarci manyan su bai wa ƙananan kamfanoni hayar faibarsu, an fara da Ontario da Quebec a 2023, ki duba irin su TekSavvy ki ga nawa za su ce a adireshinki. In kin samu farashin sai ki kira kamfaninki ki ce a haɗa ki da sashen masu son barin layi, kar ki tsaya da wanda ya fara ɗaga wayar.

Ummu Hanifa (Mississauga):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Sani in na canza sai na mayar musu da na'urarsu ko? Kuma kwantiragina saura 'yan watanni, akwai tara ne in na fita yanzu?