Honda CD175 da ta shekara 20 a zaure: ta yaya zan gane ta asali ce kafin in biya?

Ɗan Tudu:

Assalamu alaikum. Akwai tsohuwar Honda Benly tagwayen silinda da iyalan wani marigayi suke son sayarwa. Sun ce CD175 ce, an saye ta sabuwa lokacin ƙarin albashin Udoji, kuma ta fi shekara 20 a jingine a zaure. Kik ba ya motsi, tankin an sake masa fenti, takardu babu sai tsohuwar lamba mai KT. Abin da ya tsayar da ni shi ne lambar inji da ta firam ba su zo ɗaya ba. An canza inji ke nan? Burina in mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Me zan duba kafin kuɗi su bar hannuna?

Mai Sifana:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Tudu, wannan bambancin lamba kada ya ɗaga maka hankali. Honda ba ta daidaita lambar inji da ta firam a waɗannan baburan, kowanne da jerinsa. Ni da zan ga sun zo iri ɗaya sak, a nan ne ma zan yi zargin an sa hannu.

Tsarin lambar shi ne abin dubawa. Ta firam tana wuyan babur, inda kan yake juyawa: CD175, ɗan layi, sai lambobi 7. Ta inji tana jikin kwandon inji ta hagu, an ƙara mata harafin E, wato CD175E, sai lambobi 7. Lambar farko cikin bakwai ɗin ita ke nuna zubin da aka yi babur a ciki, don haka ana sa ran ta inji da ta firam su kasance dangin juna ko da sauran sun sha bamban. In ka ga CB175E ko CD185 a jikin inji, to dashe ne. In kuma ka ƙirga haruffa da lambobi 17 a wuya, bar wurin: wannan tsari sai 1981 ya zama ƙa'ida, CD175 kuwa tsakanin 1967 da 1979 aka yi ta. Mai 17 da ya fara da L firam ɗin Sin ne aka yi wa kwalliya.

Yadda za ka karanta lambar ma da ƙa'ida. Kada samfefa ta taɓa wurin, don za ta share shaidar da kake nema. Zuba kananzir, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe, ka shafa alli sannan ka share da yatsa; allin zai zauna cikin ramin lambobin. Haska tocila daga gefe, a kwance, kada ka haska daga sama. Wurin da aka goge da magagari aka sake bugawa yakan yi ɗan kwari, ga siraran layuka duk sun nufi gefe guda, sumul ɗinsa kuma ya bambanta da ɓarzajjen jikin kwandon da ke kewaye. Ɗora gefen rula a kai, in haske ya ratsa ta ƙarƙashi an ci ƙarfen. Kwatanta lamba da 'yar'uwarta: in akwai 3 guda biyu, siffarsu da zurfinsu su zama ɗaya. A wuya kuma ka nemi alamar walda kewaye da lambar, domin akwai masu yanko ɓangaren daga wani firam su liƙa.

Kafin ka tashi, ɗora farar takarda ka goga fensir a kan lambobin biyu, ka tafi da hoton rubutun.

Siffar injin ita ma tana faɗin shekaru. Na farko-farko, na 1967 da 1968, silindarsu ta kwanta gaba, firam ɗin kuma na matsattsen faranti ne. Daga baya silinda ta miƙe tsaye cikin firam na bututu. Kuɗin Udoji a 1975 suka shiga hannun ma'aikata, saboda haka in labarin iyalan daidai ne, mai miƙaƙƙiyar silinda za ka tarar.

Baban Walda:

Bayanin Mai Sifana ya yi, sai dai lamba tana gaya maka sunan babur ne kawai, ba ta gaya maka ko zai gyaru. Kik da ya ƙi motsi ya fi damuna.

Kada kowa ya hau kik ɗin da ƙarfi. Fistin da ya kama da tsatsa, in aka tilasta shi, ringi ne ke karyewa ya kwarzane silinda, wani lokacin haƙoran kik su zube cikin kwando. Cire fulogi biyun, ka zuba man gas kamar cokali uku a kowane rami, ka bar shi kwana 5 zuwa mako guda kana ƙarawa. Sannan ka buɗe murfin janareta a hagu, ka sa sifana a kan notin tsakiya, kana girgizawa gaba da baya kaɗan-kaɗan. A wannan inji fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, don haka ɗaya in ya kama ya riƙe ɗan'uwansa. Galibi wanda bawul ɗinsa ya tsaya a buɗe ne damina ta shiga ta ci.

Amma fistin ba shi ne abin tsoro ba. Faɗin silinda milimita 52 ne, ana samun fistin na ƙari 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00, mai boren, wato mai faɗaɗa ramin silinda, zai gyara. In an buɗe kan inji, kankare baƙin da ke saman fistin ka karanta: in an riga an kai 1.00, sai dai a sa sabon bututun cikin silinda.

Inda kuɗi ke nutsewa shi ne kamshaf, sandar da ke buɗe bawul tana rufewa. Ba ya gudu a kan boris, kai tsaye yake juyawa cikin alminiyom. Mai in ya yanke masa na ɗan lokaci, ya cinye mazauninsa. Buɗe murfin kwantak (makunnin da ke sakar wa fulogi wuta) da ke gefen kan inji, ka kama bakin kamshaf ka ɗaga sama da ƙasa. In ka ji ƙwas-ƙwas, an ci wurin, kuma tazarar kwantak, wadda ya kamata ta zauna tsakanin 0.3 da 0.4 na milimita, ba za ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Babur zai riƙa tashi yau gobe ya ƙi. Sanadin kusan kullum biyu ne. Na ɗaya, matatar mai: wannan inji ba shi da filta ta takarda, wani ɗan kofi ne mai juyawa a bayan ƙaramin zagayayyen murfi a dama, yana tara dauɗa a bangonsa, kuma da yawa ba su san ana wanke shi ba. Na biyu, gam da ake lafta wa gasket, ya matso ciki ya toshe siririyar hanyar da mai ke bi zuwa kan inji. Buɗe kofin nan a gaban masu babur, ka lakato abin da ke ciki ka murza a yatsa cikin rana. Baƙin laka kawai, ba komai. In yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa, alminiyom ne, sai ka rage farashi.

In ya saki ya fara juyawa, daidaita bawul a 0.05 na milimita inji na sanyi kafin ka auna matsi, in ba haka ba awon ƙarya zai ba ka. Lafiyayye yakan ba da wajen 140 psi a agogon awon matsi, kuma silinda biyun kada su yi nisa da juna.

Ɗan Tudu:

Na gode ƙwarai. Na koma na duba: silinda a tsaye take, CD175 da CD175E duk sun fito, rula ta zauna daram. Amma gidan ceni babu, salansa kuma na wani babur ne aka yi wa walda. Batun KT ɗin fa?

Na Kantin Kwari:

KT ba ta ƙaryata su ba, ba ta kuma gaskata su ba. Jihar Katsina a 1987 aka ƙirƙiro ta daga Kaduna, don haka lambar ba ta kai shekarun babur ɗin ba. Sake rajista aka yi, ko kuma a lokacin ya canza hannu. Tambayi dattijan gidan ko marigayin shi ne mai shi na farko. Lambar mota ko babur lokacin rajista take nunawa, ba lokacin ƙira ba.

Tunda kayan gado ne, wannan ya fi komai: kada ka biya mutum ɗaya a soro. A tabbatar an raba gado ko dukkan magada sun amince, a rubuta takardar ciniki da lambar firam da ta inji a ciki, mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu. Daga nan a yi takardar rantsuwa a kotu kan ɓatan takardun asali, a samo rahoton 'yan sanda, sannan ofishin lasin. Yi wannan kafin ka kwance ko noti ɗaya. Mutum ya gama kashe kuɗin fenti da kurom wani ɗa ya dawo daga tafiya ya ce bai sani ba, wannan rigima ce da ba ta da daɗi.

Mai Sifana:

Rashin gidan ceni da salansa ba ƙaramin abu ba ne ga mai son asali, Malam. Kayan cikin inji, su ringi, gasket, kwantak, sil, har yanzu ana buga sababbi. Kayan gwangwani ne ba a samu: gidan ceni na sama da ƙasa, madigadi, murfin gefe, faranti masu ƙyalli na gefen tanki da robar gwiwa, da gidan fitila. Su za ka ƙirga ka yi ciniki a kansu. Nemansu sai an bi 'yan gwangwan da tsofaffin bakanike, a leƙa Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano, kuma ka tafi da hoto da awo, domin na CD185 da na Roadmaster suna kama da su a ido amma ramukan ƙusa ba sa haɗuwa. Sau da yawa sayen gawar babur na biyu ya fi araha a kan tsintar kaya ɗai-ɗai.

Sauran shaidun asali ƙanana ne: Keihin a jikin kafireto, kuma guda ɗaya ne tak, Stanley a gilashin fitila, Nippon Seiki a fuskar mita, DID a jikin wili. Tankin da aka sake wa fenti, bi shi da maganaɗisu a nannaɗe da ƙyalle, inda ya ƙi kamawa foti ne aka cike. Leƙa ƙarƙashin tanki da bayan murfin gefe, can ne launin kamfani ke ɓuya, kada a kankare shi sai mai fenti ya haɗa kala da shi.

Baban Walda:

Ƙari biyu. Sukurorin murfin inji na ma'aunin Japan ne, JIS, sukundireba mai kan kuros na kasuwa yana zamewa ya cinye kansu. Nemo na JIS ko na bugawa da guduma. Wutarsa kuma bolt 6 ce. Kada yaron shago ya ɗaura masa batir mai 12 don a ji ko zai tashi, ƙwan fitila da kwayil ne za su tafi. Tsohuwar rektifaya mai faranti-faranti, wadda ke daidaita wutar cajin batir, a canza ta da ta zamani, tana ɓuya a bayan murfi ba mai gani.

Tanki kuwa, zuba tsofaffin notuna kamar 20 da kananzir ka girgiza, ka ƙirga su wajen fitowa, sannan ka cika shi da binega kwana 2, ka ɗauraye da ruwan bakin soda, ka busar a rana nan take ka zagaya cikinsa da ɗan mai. Kafin duk wannan, turo mana sakamakon girgiza kamshaf ɗin da hoton abin da ka lakato a kofin mai.