Neman yadin tartan da masaƙu suka daina ajiyewa

Tela_Garba: Assalamu alaikum, masana. Ana buƙatar kilt (siket ɗin maza na gargajiyar Scotland, mai ninke-ninke a baya) guda biyu na wani tartan (yadi mai zanen layukan launuka da suka gitta juna) da yake cikin rajista, amma ba ya cikin jerin kayan masaƙun Lochcarron, House of Edgar ko Strathmore. Zanensa ba mai maimaita kansa dama da hagu ba ne, irin na tartan ɗin Buchanan. Ta ina za a fara, kuma yadi nawa za a saya?

Mai_Saƙa: Wa alaikumus salam, Malam Garba. Kafin ka kashe ko sisi, shiga Scottish Register of Tartans, rajistar da ke Edinbara wadda ta fara aiki a 2009, ka ciro lissafin zaren. Za ka ga haruffa da lambobi: K baƙi ne, B shuɗi, G kore, R ja, lambar kuma yawan zaren kowane layi. Da wannan masaƙa take aiki, hoto ba ya wadatar da ita. Duba kuma ko an sa masa takunkumi. Wasu sai da izinin wanda ya zana ake saƙa su, Balmoral kuwa na gidan sarautar Birtaniya ne.

Sannan ka sake bincika da wasu sunaye. Tartan ɗaya yakan fito da rini kala-kala: Modern mai duhu, Ancient mai haske, Weathered kamar wanda ya koɗe, Muted kuma na House of Edgar. Wani lokaci yana nan, kalar da ake so ce babu. In duk babu, sai saƙa ta musamman. Ƙananan masaƙun garin Selkirk na Scotland aka fi sani da karɓar ɗan ƙaramin aiki. Manyan sukan ce sai ka ɗauki mita goma ko fiye, domin ɗaura zaren tsaye a injin shi ke cin lokaci da kuɗi. Ka sa ran jira na makonni, har watanni.

Hajiya_Ɗinki: Malam, maganar rashin daidaiton zanen nan ita ce za ta ci maka kuɗi, ka kula sosai. Kilt na gargajiya yadi 8 ne na mai faɗi ɗaya, wajen inci 28 zuwa 30. An saba sayen yadi 4 na mai faɗi biyu, a tsaga shi ta tsakiya, a juya rabi ɗaya don bakinsa ya koma ƙasa, a haɗa. Naka ba zai yarda da haka ba. Da ka juya rabin, jerin launukan zai koma baibai, ninkin baya ya rabu biyu, kowa zai gani. Tunda biyu za ka ɗinka, abin ya zo maka da sauƙi: sayi yadi 8 na mai faɗi biyu, ka tsaga, kowane rabi kilt guda ba tare da haɗi ba.

Ka gaya wa masaƙar girman gidan zanen (faɗin jerin launuka kafin ya maimaita kansa) da kake so, inci 6 zuwa 8. Kowane ninki yana cin gida ɗaya, wani sa'in da ɗan ƙari. Gida mai inci 7 da ninki 27 ya kama inci 189, ragowar ya ishi shafukan gaba biyu. In ya kai inci 10, ninkin kaɗai ya cinye 270 cikin inci 288 na yadi 8, sai dai a rage ninki.

Mai_Saƙa: Hajiya ta gama magana. Ƙari biyu. Nauyi: oza 16 ko 13 na ulu zalla, saƙar biyu sama biyu ƙasa. Mai oza 10 ko 11 bai riƙe guga sosai, ninki yakan buɗe. Sai bakin yadin. Kilt ba a yi masa kalmasa, bakin saƙar ne ƙasansa, don haka ka rubuta a oda cewa duka gefuna biyu su zama masu tsafta, ba masu geza ba.

Hajiya_Ɗinki: Kuma ka nemi su aiko maka da samfurin zaren kowace kala ka amince kafin a ɗaura. Allon waya yana sauya launi. Ka ƙara yadi ɗaya a kan lissafi, don rinin da za a yi daga baya ba lallai ya zo daidai da wannan ba.