Kwas ɗin nazarin muhalli, akwai gaba a cikinsa kuwa?

Sabon_ɗalibi:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Na samu admishan a nazarin muhalli, to da na duba jerin darussan sai kaina ya ɗaure, ga kimistiri ga bayoloji ga tattalin arziki ga shari'a har da wani wai ɗa'ar muhalli, ni tsorona kar in gama digirin in fito na taɓa nan na taɓa can babu abin da na iya sosai. Waɗanda suka yi shi ya abin yake?

Tsohuwar_ɗaliba:
Wslm ƙanena. Ba da ka aka cakuɗa su ba, ita matsalar muhalli ce ba ta zuwa da fanni ɗaya. Ka duba Tekun Aral, wani babban tafki a tsakiyar Asiya, a shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da ruwan kogin Amu Darya da Syr Darya don noman auduga, tafkin da yake na huɗu a girma a duniya ya yi ta ƙafewa har jiragen kamun kifi suka zauna a kan yashi, iska na kwasar gishiri da ƙurar maganin ƙwari tana kaiwa huhun mutane. Masanin ruwa zai auna maka yadda ruwan ya ja baya, amma me ya sa gwamnati ta zaɓi auduga a kan masunta, wannan sai wanda ya karanci siyasa da tattalin arziki. Haka batun ozon, wato rufin iskar da ke can sama yana kare mu daga hasken rana mai cutarwa, Molina da Rowland masu kimistiri ne suka gano a 1974 cewa iskar CFC ta firji da feshi tana cinye shi, amma sai da aka zauna aka ƙulla yarjejeniyar Montreal ta rage amfani da iskar a 1987, daga baya aka kafa asusun tallafa wa ƙasashe masu tasowa su sauya, sannan aka fara ganin sauƙi. Wanda zai iya zama da ɓangarorin nan biyu ya gane yarensu shi kwas ɗin ke son fitarwa.

Mai_taswira:
Yaya duk abin da kika faɗa haka ne amma gsky tsoron yaron yana kan hanya. Ranar intabiyu ba mai tambayarka labarin Aral, cewa za a yi ka iya GIS, wato haɗa taswira da nazarin bayananta a kwamfuta? ka taɓa ɗebo samfurin ruwa ka gwada? za ka iya rubuta rahoton EIA, wato tantance illar da aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi? Ni na ga masu sakamako mai kyau da sai surutu kan sauyin yanayi, a ba su data su yi zuru. Ka zaɓi abu ɗaya tun aji biyu ka nutse a ciki, manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat ma kyauta ake saukewa tun 2008, ba ka da uzuri. Kuma kar ka guji istatistiks don yana da wuya, kowa gudunsa yake shi ya sa wanda ya iya yake tsada.

Malam_Shiru:
Na yarda da na sama, sai dai kar hakan ya sa ka raina darussan zamantakewa ka ce na cike gurbi ne. Elinor Ostrom masaniyar siyasa ce, ita ce mace ta farko da ta ci Nobel na tattalin arziki a 2009, kuma aikinta a kan yadda jama'a ke tafiyar da makiyaya da dazuka da ruwan ban-ruwa da dokokin da suka kafa wa kansu ne, ba sai gwamnati ta ƙwace ko an sayar wa kamfani ba. Taswira za ta nuna maka daji yana raguwa, waye ke sara kuma don me sai ka je ka tambayi mutane, ita ma tambayar koyonta ake.

Sabon_ɗalibi:
Na gode sosai wlh hankalina ya ɗan kwanta. To akwai bambanci ne tsakaninsa da kimiyyar muhalli? don na ga wasu jami'o'in haka suke kiransa.

Mai_taswira:
Akwai, kimiyyar muhalli ta fi yawan lab da lissafi, naka ya fi karkata ga manufofi da doka, amma sunan kawai ba ya isa, ka ƙirga darussan lab da na fita fili nawa ne a manhajar, in sun yi kaɗan sai ka cike da na zaɓi daga sashen jogirafi ko kimistiri.