Gwiwata ta hana ni wuce motsi na 16 a Taici

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina koyon Taici, wato motsa jikin Sinawa da ake yi a hankali, ta bidiyo, samfurin nan mai motsi 24 da aka tsara a Beijing a 1956. Bayan sallar asuba nake yi a tsakar gida, yara na leƙe suna dariya. Komai ya zauna min sai motsi na 16, inda ake tsugunawa a kan ƙafar dama a miƙe ta hagu. Da na sauka sai gwiwar ta ɗau zafi, ta yini tana zugi. Na rage tsugunon, na daidaita gwiwa da yatsun ƙafa, duk a banza. Shekarata 52. In tsallake shi ne, ko in koma Baduanjin, wani motsa jikin Sinawa mai motsi takwas, tukuna? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.